Ban Haƙurin Kawu Mansir

SHAFI NA 23

Ku da kuke cika min waya da cewa Kawu Mansir mutumin kirki ne, kuna ta yi masa addu'a, yau sai ku gyara zama. Ni dai ban ce komai ba.

*

Tun daga yadda Barista Sakinat ta amsa sallama Haulatu ta san ba lafiya ba. Matar da kullum sai ta tsokane ta kafin a fara maganar shari'a, yau ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Rufo ƙofar. Zauna."

"Anti, wani abu ya sami Nata'ala ne?"

"Yana nan da ransa. Jiya na je gidan yarin Agodi na gan shi." Sai a lokacin ta ɗago. "Haulatu, me na gaya muku ranar da kuka fara kawo min kes ɗin nan?"

Haulatu ba ta manta ranar ba, ina za ta manta. Rigima ce ta tashi a layin 'yan albasa a kasuwar Bodija kan wajen sauke kaya, aka soki wani direba Bayarabe mai suna Taufik da wuƙa. Kowa ya watse, sai ƙaninta Nata'ala ne ya tsaya ya ciccibe shi ya sa a keke ya kai asibiti. A can 'yan sanda suka same shi da jini har gwiwar hannu, suka yi gaba da shi. Taufik kuwa har yau bai buɗe ido ba balle ya faɗi wanda ya soke shi.

"Kin ce kada mu yi magana da kowa."

"Sai me kuma?"

"Kin ce kada a je ban haƙuri."

"Na faɗa da Hausa, na faɗa da Yarbanci, na ƙara da Turanci. Oya, riƙe wayar nan ki kalla."

Bidiyo ne. Wani falo ne da Haulatu ba ta sani ba, mata sun cika shi. A kan kujera wata dattijuwa ce zaune ido ya kumbura, ba sai an ce mata mahaifiyar Taufik ce ba. Ga goro a faranti, ga dattawan layin su Haulatu biyu sun sunkuyar da kai. A gefe Kawu Mansir ne tsaye cikin farar babbar rigarsa ta zuwa Juma'a.

A ƙasa kuwa, a kan gwiwoyinta, Umma ce.

Yaushe aka yi wannan? Wato ranar da Umma ta ce za ta je duba mara lafiya.

Muryar Umma ta fito daga wayar tana karkarwa. "Ku yi haƙuri. Yaro ne, ya yi kuskure. Ku dubi girman Allah ku yafe masa."

Wanda bai zauna Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, ba zai ce Umma ta haukace. Ba ta haukace ba. Mu a Sabo, in rigima ta haɗa ɗanka da ɗan gari, ba a tsayawa tambayar wa ke da gaskiya. A sayi goro, a ɗauki dattawa, a je a durƙusa. Mai gaskiya ma cewa yake ya yi kuskure, don a kashe wutar tun kafin ta kama unguwa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, da haka kakanni suka zauna lafiya a garin mutane. Sai dai kakanni ba su yi zamani da wayar da ke ɗaukar hoto ba.

"Anti, ai al'ada ce," Haulatu ta ce da sauri. "Wallahi ba wai ta yarda ya aikata ba ne. Kowa haka yake faɗa."

"Ni za ki koya wa? A layin Gangare cikin Sabo aka yanke min cibiya. Maganar Umma ba ta hana ni barci ba. Ba ta wurin lokacin da abin ya faru, abin da uwa ta faɗa cikin kuka zan iya ture shi a gaban alƙali. Abeg, ki bar Umma. Ki saurari kawunki."

Kawu ya gyara rigarsa ya juya wajen dattijuwar, ya shiga Yarbanci kamar mai fassara. Umma ta daɗe a Ibadan, amma Yarbancinta bai wuce gaisuwa da tambayar kuɗin tumatir ba. Haulatu kuwa da shi ta tashi, a makaranta da shi take faɗa.

"Oju mi lo she," in ji Kawu.

A idona aka yi.

Ya ci gaba, muryarsa a sanyaye irin ta mai gaskiya. Yana tsaye Nata'ala ya zaro wuƙar yanka buhu. Ya yi ƙoƙarin riƙe shi ya fizge. Yaron dama yana da zuciya tun yana ƙarami, maraici ne ya lalata shi.

Abin da ya fi ƙona Haulatu ba maganar ba ce. Umma ce. Kawu na faɗa tana gyaɗa kai, hawaye na zuba, tana cewa, "Haka ne. Haka ne." A zatonta roƙonta yake juyawa.

Haulatu ta ajiye wayar a kan tebur kamar ta ɗauki garwashi.

"Wani ɗan'uwan Taufik ne ya ɗauka, ya kai wa 'yan sanda," in ji Barista. "Suka kira kawunki. Ya je ya maimaita musu, ya sa hannu. Mutumin da ya zauna a kujerar nan ya rantse min cewa Nata'ala yana bayan tirela yana sauke kaya lokacin da aka yi abin. Mutumin da na sa a gaba cikin shaidunmu. Yanzu shi ne shaidan masu ƙara na farko."

"Kawu ne fa, Anti. Ƙanin Umma ne ciki ɗaya."

"Na sani."

"Shi ya kawo mu wajenki."

"Na sani, Haulatu."



"Yanzu mene ne zai faru?"

"Ba zan ɓoye miki ba. Da, babu mutum ɗaya da ya ce ya ga wuƙa a hannunsa. Jini a riga ba laifi ba ne, mai taimako ma jini na taɓa shi. Ina sa ran ma a ce babu hujjar gurfanar da shi, a sallame shi. Yanzu akwai mai cewa ya gani, kuma ɗan gida. Yunƙurin kisan kai za su rubuta. Ɗaurin rai da rai ake magana."

"In kuma Taufik..."

"Ki yi masa addu'a ya tashi. Shi kaɗai ne zai ƙaryata kawunki."

"In bai tashi ba fa? Ki gaya min."

Barista ta cire tabarau ta murza ido. "Kisan kai ne. Hukuncinsa rataya."

Haulatu ta so ta yi kuka, kukan ya ƙi zuwa.

"Kuma ƙaninki yana ɓoye min magana," Barista ta ci gaba. "Duk sanda na ce wa ka gani a wurin, sai ya sunkuyar da kai ya ce Kawu ya ce ya yi haƙuri, ana kan sulhu, ya kusa fita. Wane sulhu? Laifin jini in ya shiga hannun hukuma ba goro ke fitar da shi ba. Ga shi duk ya rame. Ku riƙa kai masa abinci mana. Jiya har cewa ya yi in gaya wa Umma yana kewar tuwonta."

Haulatu ta ɗago a hankali.

"Kewar tuwonta?"

"Haka ya ce."

"Anti, kullum Umma sai ta yi masa tuwo. Kullum ta Allah. Ko ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita sai da ta rarrafa ta tuƙa."

"Wa ke kaiwa?"

Kawu ne. Tun ranar farko Kawu ya kafa doka, ya ce mace mai mutunci ba ta zuwa ƙofar gidan yari, shi zai riƙa ɗaukar wahalar. Har godiya Umma ta yi masa tana kuka.

"Tun da aka kai shi Agodi," in ji Barista, "ban da ni, babu wani naku da ya taɓa zuwa wajen yaron nan. Saƙon kawunki ma ta bakin wani direba yake isa gare shi."

To ina tuwon yake zuwa?

Haulatu ta miƙe, ko sallama ba ta yi ba.

*

A kan okada ne, daidai kwanar shiga Sabo, abin ya faɗo mata. Sai da ta dafa kafaɗar mai mashin ɗin don kada ta faɗi.

Ganda.

Duk unguwa an san Nata'ala da ganda. Ka ba shi tsoka ka ba shi ganda, gandar zai ɗauka. Shi ya sa kullum Umma take cika masa miya da ita. Kullum kuma kular takan dawo an sharce tuwo, an lashe miya, an bar gandar a gefe ko cizo ɗaya babu. Umma ta sha zama ta tasa kular a gaba tana hawaye, tana cewa dubi abin da gidan yari ya yi wa ɗana, har gandar ta fita daga ransa.

Haulatu ta tarar da Umma a tsakar gida ta gama mulmula tuwo a leda, tana zuba miyar busasshiyar kuɓewa a kula. Kawu Mansir yana zaune kan benci da makullin mashin a hannu, ya dawo da kular jiya, yana jiran ta yau.

"A'a, 'yar Kawu. Daga ina haka da rana tsaka, kin haɗa gumi?"

"Sannu, Kawu. Ya Nata'ala jiya?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi. Ya ce a gaishe ku. Har ya ɗan yi ƙiba ma."

"Ya yi ƙiba."

"Sosai. Ai abincin Yaya ba wasa ba."

Umma ta yi ɗan murmushi. Haulatu ta sunkuya ta ɗauki kular jiya, ta buɗe, ta ajiye a gaban mahaifiyarta. Ga gandar nan a kwance, miya ta bushe a jikinta.

"Umma, a duk zuriyarmu, wa kika sani ba ya cin ganda?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ki tuna dai. Wa ke cewa shi ba zai ci takalmi ba?"

Ludayin ya tsaya a hannun Umma. Kowa a gidan ya san amsar. Hamza ne, ɗan Kawu tilo, abokin tashin Nata'ala, wanda tare suke aiki a rumfar albasa. Hamzan da aka ce ya bi tirela zuwa Aliero sayo kaya washegarin rigimar, ko sallama bai shigo ya yi ba.

"Ke Haulatu, ba na son shashanci," Kawu ya ce yana miƙewa. "Yaya, rufe kular in tafi, akwai lokacin da suke daina karɓa."

"Suke daina karɓa a ina, Kawu? Daga wajen Barista nake. Jiya ta ga Nata'ala. Ya ce a gaya wa Umma yana kewar tuwonta."

"Ƙarya take! Lauyoyin nan..."

"Na ga bidiyon gidan su Taufik."



"Wane bidiyo?" Umma ta tambaya, tana kallon wannan tana kallon wancan. "Ban haƙurin? Haulatu, kada ki ga laifinsa, ni na yarda na bi shi. Ya ce in ba mu je ba za a ce 'yan Sabo ba su da kunya. Kuma ya yi ƙoƙari, duk abin da na faɗa sai da ya juya musu da yarensu."

"Ba maganarki ya juya ba, Umma."

"Haulatu!" Kawu ya daka mata tsawa. "Ni ne fa uban da ya rage miki."

Da jiya ne, da ta durƙusa. Yau ko ƙifta ido ba ta yi ba.

"Cewa ya yi a idonsa aka yi. Ya ce yana tsaye Nata'ala ya zaro wuƙa ya soki Taufik. Ya ce ɗanki dama mai zuciya ne, maraici ya lalata shi. Yana faɗa kina cewa haka ne. Ya je wajen 'yan sanda ya sake faɗa, ya sa hannu. Yanzu shi ne zai tsaya a kotu ya nuna Nata'ala da yatsa."

Umma ta ajiye ludayin a hankali. Ba ta yi salati ba, ba ta yi ihu ba. Ta goge hannu da gefen zaninta, ta juya ta dubi ƙaninta.

"Mansir."

"Yaya, ki bari in yi miki bayani..."

"Ina Hamza?"

"Na gaya miki yana Aliero."

"Mansir, ka dubi idona. Ina Hamza?"

Ya dubi ƙofa, ya dubi ƙasa. Sai ya koma kan bencin ya zauna.

"Yana gonar wani abokina. Can wajen Akinyele."

"Shi ya soki yaron mutane?"

Kawu ya kawar da kai.

"Shi ne?"

"Tsautsayi ne, Yaya. Wallahi tsautsayi ne. Direban ne ya fara zaginsa ta uwa. Ki fahimce ni. Hamza yana da tabo a wajen 'yan sanda tun rigimar bara, in ya shiga hannunsu ba zai fito ba. Nata'ala kuwa ba a taɓa kama shi da komai ba. Na ce ya ɗan daure, a yi sulhu, a janye magana, kowa ya koma gida. Haka ake yi tun zamanin iyayenmu."

"To me ya kai ka cewa ka gani?" in ji Haulatu.

"Sun fara tambayar su wa da wa ke wurin! Sun fara ambatar sauran yaran rumfa. In ban ba su mutum ɗaya ba za su yi ta tono har su iso kansa. Shi kaɗai gare ni. Shi kaɗai Allah ya bar min."

"Ni nawa gare ni?"

Umma ce ta tambaya, a hankali, kamar mai tambayar farashi.

"Ɗa namiji nawa gare ni, Mansir?"

Ba ta jira shi ba, ta ci gaba.

"Ranar da Innarmu ta rasu ko yaye ka ba a gama ba. A bayan nan na goya ka. Da aka kawo ni garin nan na ce ba zan zauna ba sai da kai, mahaifin yaran nan ya karɓe ka, ya koya maka kasuwa. Kai ka ɗauke ni ka kai ni gidan mutane. Kai ka ce durƙusa, na durƙusa. Kai ka ce ce ya yi kuskure, na ce. Ashe igiya ka ba ni in saƙa wa ɗana da bakina."

"Yaya, don Allah..."

"Duk wannan na ji." Ta nuna kular da yatsa, a nan muryarta ta karye. "Amma tuwon fa? Ina tuƙawa ina kuka, ina tofa masa addu'a a kai. Ɗana na can da yunwa, kai kana ɗauka kana kai wa wanda ya jefa shi ciki. Ka dawo ka zauna a bencin nan ka ce min ya yi ƙiba."

"Hamza ma ɗanki ne."

"Ɗana ne. Da ka zo ka ce Yaya ga abin da Hamza ya yi, wallahi da na dafa masa nasa daban. Ba sai ka sata daga bakin maraya ba."

Kawu ya zame daga kan bencin ya durƙusa, babban mutum da furfura a gemu, ya kama gefen zaninta.

"Ki yi haƙuri. Ki rufa min asiri. Taufik yana samun sauƙi, an gaya min har ya motsa hannu. Da zarar ya tashi za a sasanta, in je in ce ban gani da kyau ba. Kwana kaɗan kawai nake roƙo. Ki yi haƙuri, Yaya."

Haulatu ta ji kamar ta yi dariya don takaici. Ga shi nan kuma, wani ban haƙurin. Sai dai wannan karon babu goro.

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka.

Barista Sakinat.

Ta ɗaga ta kara a kunne.

"Haulatu? Kina gida? Umma na kusa?"

"Tana nan."

"Ki matsa daga kusa da ita."

"Faɗa kawai, Anti."

Barista ta ja numfashi. "Yanzu aka kira ni daga asibiti. Taufik ya cika."

Ba ta san ta saki wayar ba sai da ta ji ta bugi siminti. Ba sai ta maimaita ba, tsakar gidan ya yi shirun da kowa ya ji.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Umma. Ta yi wa ɗan mutane addu'a, ta shafa. Sannan ta dubi 'yarta. "Me lauya ta ce hukuncin in ya mutu?"

"Umma..."

"Na tambaye ki."

"Rataya."

Umma ta gyaɗa kai. Ta janye zaninta daga hannun ƙaninta. Ta ɗauki cokali ta shiga tsame gandar daga cikin miyar yau, ɗaya bayan ɗaya, tana zubawa a wani kwano daban. Ta rufe kwanon ta miƙa wa Haulatu.

"Wannan na Agodi ne. Ki kira lauyar ki ce ta same mu a bakin titi da mota."

Ta rufe kular da ba ganda, ta shiga ɗaki ta fito da mayafinta, wanda ta sa ranar ban haƙuri.

"Tashi, Mansir. Yau ni zan kai wa Hamza abincinsa da hannuna. Kai za ka nuna mana hanya."

Kawu ya miƙe. Hawayen da ke fuskarsa sun bushe, idonsa ya canza. Ya taka a hankali zuwa ƙofar zaure, ya mayar da ita ya rufe, ya danna sakata, ya jingina bayansa da ita.

"Yaya," ya ce, "sai dai ki taka gawata."